Allurar Korona: Yadda Take Aiki, Yadda Ta Iso Mana, Da Abin Da Ya Rage A Jikinmu

Duk ɗan kasuwar da ke shige da fice tsakanin Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ko Dungas da Maigatari, ko Gaya da Kamba, ba sai an ba shi labarin shekarar 2020 ba. Tun a watan Agustan 2019 Nijeriya ta garƙame iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ana cikin wannan sai ga annobar korona, Nijar ita ma ta rufe nata a watan Maris na 2020. Albasa ta ruɓe a buhu, dabbobi suka rame a kara, masu ɗan ƙaramin jari da dama suka cinye uwar kuɗi. Sai ranar 16 ga Disamban 2020 Nijeriya ta buɗe ƙofofi huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. Nijar ta buɗe nata a watan Yunin 2021, Gana kuwa sai ƙarshen Maris na 2022.

A cikin wannan hali ne aka kawo allurar rigakafi. Wasu daga cikinmu sun miƙa damtse don sun yarda da ita, wasu don neman katin tafiya kawai, wasu kuma suka ƙi ƙememe. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar, ƙura ta lafa, amma har yau muhawara ba ta ƙare a rumfunan kasuwa ba. Wannan ya ce an yi masa allura sau biyu kuma mura mai zafi ta kwantar da shi. Wancan ya ce ko kusa da asibiti bai je ba, ga shi garau. To, ina amfaninta? Kuma wanda aka yi wa tun 2021, akwai sauran wani abu a jikinsa? Waɗannan tambayoyi ne na masu hankali, kuma amsarsu ta shafi yadda za mu karɓi duk wata allura da za a kawo wa ƴaƴanmu gobe.

Yadda jiki ke gane baƙuwar cuta

Korona ƙwayar cuta ce daga jinsin da masana ke kira bairos, ƙanƙantarta ta kai ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganinta. Jikinta zagaye yake da wasu ƴan ƙayoyi kamar na ƙarangiya. Da waɗannan ƙayoyi take manne wa ƙwayoyin halittar da ke cikin hanci da maƙogwaro da huhu, ta kutsa cikinsu, ta mayar da su wurin hayayyafa.

Allah Ya halicci ɗan Adam da dakarun tsaro a cikin jininsa, su ake kira garkuwar jiki. Sai dai idan cuta baƙuwa ce, dakarun kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin su gane ta sosai, su ƙera makamin da ya dace da ita. Matashi mai ƙarfi yakan jure wannan jinkiri. Tsoho kuwa, ko mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ko mai ciwon huhu, kafin dakarunsa su shirya cutar ta riga ta sauka ƙirji, numfashi ya fara gagara.

Ku dubi ɗan canji a bakin kasuwa. Yaron da aka fara zaunarwa a kan tebur, idan ba a taɓa nuna masa jabun jika goma ba, ranar da aka kawo masa zai karɓa, sai ya yi asara sannan ya koya. Ubangidan da ya san aiki yakan ɗauko jabun da aka taɓa kamawa, ya ba yaron ya shafa, ya ɗaga wa rana, ya gane inda ta saɓa da ta gaskiya. Aikin allurar rigakafi ke nan. Tana nuna wa jiki kamannin maƙiyi tun bai zo ba, don ranar da ya zo a gane shi da wuri.

Allurorin da suka shigo yankinmu iri uku ne. Na farko su ne na ƙasar Sin, Sinopharm da Sinovac, waɗanda aka yi bisa tsohuwar dabara: a kashe ƙwayar cutar da sinadari, a sa gawarta cikin allura, jiki ya gan ta ya san ta alhali ba ta iya hayayyafa. Na biyu su ne AstraZeneca da Johnson & Johnson, inda aka ɗauki wata ƙwayar mura da aka hana ta hayayyafa, aka ɗora mata bayanin siffar ƙayar korona, ta kai wa jiki kamar ɗan aike. Na uku su ne Pfizer da Moderna, masu amfani da dabarar mRNA. Su babu ƙwayar cuta a cikinsu ko kaɗan. Wani ɗan saƙo ne da aka naɗe cikin ɗigon kitse, wanda ke umartar naman damtse ya ƙera siffar ƙayar kaɗai. Garkuwar jiki ta ga ƙayar ta far mata, shi kuma saƙon ya narke cikin kwanaki ko ƴan makonni. Ba ya shiga inda jiki ke adana gadon halitta, saboda haka ba ya canja halittar mutum ko ta ƴaƴan da zai haifa.

Ciwon damtse da ɗan zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu da mutane suka riƙa kuka da su, alama ce ta dakarun sun tashi atisaye. Kariya ba ta kankama sai bayan kimanin mako biyu, kuma allura ta biyu maimaita darasi ce don ya zauna.

Me ya sa aka same ta da sauri haka?

Babban abin da ya sa jama'a shakka shi ne saurin. An fara jin labarin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disamban 2019, amma ranar 8 ga Disamban 2020 har an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 allura a Ingila. Gaskiyar magana ita ce ba daga tushe aka fara ba. Korona tana da ƴan'uwa biyu da suka riga ta ɓulla: SARS a 2002 zuwa 2003, da MERS wadda aka gano a Saudiyya a 2012, mai alaƙa da raƙuma. Masanan Jami'ar Oxford suna cikin aikin allurar MERS ne sabuwar cutar ta zo, sai suka juya akalar aikin. Ita kuma dabarar mRNA, tun a 2005 wasu masana biyu a Amurka, Katalin Karikó da Drew Weissman, suka warware babban ƙullin da ya hana ta aiki, abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2023.

Bugu da ƙari, gwamnatocin ƙasashe masu arziki sun zuba maƙudan kuɗi, har aka fara sarrafa allura tun sakamakon gwaji bai fito ba. Sannan masu kamuwa sun yi yawa, don haka ba a daɗe ana jira ba aka ga bambanci. A gwajin Pfizer an sa mutum sama da 43,000, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. Daga cikin mutum 170 na farko da cutar ta kwantar, 162 ƴan ruwan gishiri ne, 8 kacal ne daga masu allurar gaske. Daga nan aka samo lissafin kashi 95 cikin 100 da aka yi ta yayatawa a rediyo. Sai a lura, an yi wannan lissafi ne a ƴan watannin farko bayan allura, kuma a kan nau'in cutar na asali.

Wanda ya riga biya shi ya kwashi kaya

Labarin yadda allurar ta iso mana, babu wanda zai fi ɗan kasuwa fahimtarsa. Kaya kaɗan ne, masu nema duk duniya. Ƙasashe masu kuɗi suka ba da kafin alƙalami tun kaya suna masana'anta, har ƙasar Kanada ta yi odar abin da ya ninka buƙatar jama'arta kusan sau biyar. Domin kada a bar matalauta hannu rabbana, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙawayenta suka kafa shirin COVAX, wani irin asusun haɗaka da zai saya ya raba.

Gana ce ƙasar farko a duniya da kayan COVAX suka sauka, ranar 24 ga Fabrairun 2021, allura 600,000 ta AstraZeneca da aka sarrafa a Indiya. Nijeriya ta karɓi kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya miƙa nasa damtsen a gaban kyamara ranar 6 ga watan. Nijar ta fara da allura 400,000 ta Sinopharm da ƙasar Sin ta bayar kyauta, aka ƙaddamar da rigakafin a Yamai a ƙarshen watan Maris, sannan kimanin 355,000 na COVAX suka biyo baya a Afrilu. Kamaru ta fara a Afrilu, Cadi kuwa sai a watan Yuni. Idan aka auna waɗannan alƙaluma da yawan jama'a, ana kuma tuna kowa biyu yake buƙata, za a ga ko cikin cokali ba a samu ba.

Ana cikin haka sai nau'in cutar da ake kira Delta ya afka wa Indiya, gwamnatin ƙasar ta tsayar da fitar da allura zuwa waje tun daga bazarar 2021 har kusan ƙarshen shekara. Da yake COVAX ta dogara ne da masana'anta guda a can, sai rumbu ya bushe, waɗanda aka yi wa ta farko suka yi ta jiran ta biyu. Da kaya suka dawo kuma, sai suka zo a tare, wasu saura ƴan makonni wa'adinsu ya cika. Ga matsalar sanyi: AstraZeneca na zama a firji na digiri 2 zuwa 8, amma ta Pfizer a farkon fitowarta sai sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri, a ƙasashen da lantarki bai wadata ba. A Disamban 2021 Nijeriya ta lalata allura sama da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinsu ya wuce. Shekarar ta ƙare waɗanda aka yi wa cikakkiyar allura a Afirka ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali burin da aka sa shi ne kashi 40. An rufe shirin COVAX a ƙarshen 2023 bayan ya raba allura kusan biliyan 2, amma mafi yawansu sun zo ne bayan cutar ta gama zaga mu.

Shakkun jama'a da abin da shekaru suka nuna

Ba mu ga laifin wanda ya yi ɗari-ɗari ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200. 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dalar Amurka miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba ce, amma tabon ya shafi kowace allura. Yana daga cikin dalilan da suka sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, wanda ya jawo cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20.

To, me aka gani game da allurar korona bayan an yi sama da biliyan 13 a duniya? An ga illoli biyu na gaske, duka ba kasafai suke faruwa ba. AstraZeneca da Johnson & Johnson sun haddasa wani irin daskarewar jini ga ƴan tsirarun mutane, kuma wasu sun rasu ta dalilinsa. Pfizer da Moderna sun jawo kumburin tsokar zuciya ga wasu, galibi samari, mafi yawansu sun warke cikin ɗan lokaci. Hukumomin lafiya ne da kansu suka gano waɗannan suka sanar. Amma batun hana haihuwa, binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bai ga alamarsa ba. Jita-jitar da ta zaga wayoyinmu cewa duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu kuwa, kowa ya duba maƙwabcinsa na rumfa ya ba kansa amsa. A ɗaya ɓangaren, masanan Kwalejin Imperial ta Landan sun ƙiyasta a 2022 cewa allurar ta ceci rai tsakanin miliyan 14 zuwa miliyan 20 a shekararta ta farko.

Masu cewa cutar ba ta zo mana ba su ma suna da abin dubawa. A hukumance Nijar ta ƙirga masu kamuwa kusan 10,000 da mamata 300 da ƴan kai, Nijeriya kuma mamata 3,000 da ɗoriya. Amma gwaji ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma kusan rabin al'ummar Nijar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, waɗanda cutar ba ta cika kayarwa ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa binciken jini ya nuna kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen Afirka sun riga sun kamu kafin ƙarshen 2021, akasari ba su ma sani ba. Manya kuwa ta taɓa su. Ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban Nijeriya, a Afrilun 2020, da Mohamed Ben Omar, ministan ƙwadago na Nijar, a watan Mayu, kuma mutanen Kano ba su manta da yawan jana'izar dattawa a wancan lokaci ba.

Shin kariyar tana ɗorewa?

A nan ne gizo ke saƙa. Kariyar da jiki ke samu hawa biyu ce. Akwai masu gadin ƙofa, wato sinadaran da likitoci ke kira antibodi, masu yawo cikin jini suna cafke ƙayar korona kafin ta manne. Suna cika maƙil bayan allura, amma cikin wata huɗu zuwa shida sai su ragu, kamar yadda ake sallamar ƴan sintiri idan gari ya kwanta. Sannan akwai na cikin gida, ƙwayoyin jini masu riƙe kamannin maƙiyi. Wasunsu, da zarar cutar ta dawo, sai su sake ƙera antibodi cikin ƴan kwanaki. Wasu kuma, da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu farautar duk inda cutar ta ɓuya a jiki su hallaka wurin. Waɗannan suna daɗewa. Masana a Singafo sun gano a 2020 cewa waɗanda suka warke daga SARS ta 2003 suna da irin waɗannan ƙwayoyi a jininsu bayan shekara 17.

Abu na biyu, ita cutar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Kamar mai buga jabun kuɗi ne da ya ga an gane aikinsa ya sake zane. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron, wanda ƙayarsa ta sauya a wurare sama da 30. Masu gadin ƙofa suka kasa shaida shi sosai, shi ya sa masu allura biyu da yawa suka kamu. Amma ƙwayoyin T ba ƙaya ɗaya suke dubawa ba, suna lura da sassa da dama da ba su canja ba, don haka suka ci gaba da tare cutar kafin ta yi wa huhu ɓarna.

Ashe amsar wanda ya ce an yi masa allura kuma ya yi mura ita ce: kariya daga kamuwa gajera ce, ta ƴan watanni, kariya daga kwanciya asibiti da rasa rai ita ce mai tsawon kwana, ko da yake ita ma tana raguwa a hankali, musamman ga tsofaffi. Bincike ya kuma nuna wanda ya haɗa biyu, ya sha allura kuma ya taɓa kamuwa, garkuwarsa ta fi ta mai ɗaya. Wanda bai sha allura ba yake zaune lafiya, mai yiwuwa ya kamu ya warke bai sani ba, ya biya kuɗin darasin da jikinsa, Allah kuma Ya yi da sauran kwanansa.

Ba kowace allura ce haka ba. Ta shawara, wadda sauro ke yaɗawa, guda ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa, shi ya sa tun 2016 katinta ba ya ƙarewa. Ta ƙyanda biyu sun wadatar. Dalili kuwa, waɗannan cututtuka ba sa sauya kama yadda korona ke yi, kuma sai sun bi ta jini kafin su yi illa, inda dakaru ke jiransu. Korona tun a bakin hanci take hayayyafa, cikin kwana biyu zuwa uku ta fara yaɗuwa.

Abin da ya rage gare mu

Korona tana nan tana zagayawa kamar sauran cututtukan mura. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, waɗanda suka fi buƙatar ƙarin allura, bayan wata 6 zuwa 12 daga ta ƙarshe, su ne tsofaffi, da masu ciwon suga ko zuciya, da masu raunin garkuwar jiki kamar masu ɗauke da ƙanjamau, da mata masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya. Yara da matasa masu lafiya an sa su a sahun baya. Saboda haka dattijon da ke kwana a mota tsakanin Kano da Damagaram, ko Hajiyar da ke fama da hawan jini tana zuwa saro kaya, su tambayi likitan asibiti mafi kusa. Idan kuma mura ta zo da sarƙewar numfashi, kada a tsaya shan maganin tebur.

Game da tafiya, Nijeriya ta soke sharuɗɗan korona ga matafiya a Disamban 2022, Saudiyya kuma ta janye ƙayyade yawan alhazai da shekarunsu a 2023, bayan da a 2020 da 2021 ba a bar kowa daga waje ya je ba. Duk da haka sharuɗɗan lafiya na aikin Hajji ana sabunta su kowace shekara, maniyyaci ya bincika wurin hukumar alhazai, kuma kowa ya adana katinsa. Masu sayen katin shawara na bogi a tasha kuwa su sani, ma'aikacin bakin iyaka suka yaudara, sauro bai iya karatu ba.

Babbar asarar da annobar ta bar mana tana kan yara. A 2021 kaɗai yara miliyan 25 a duniya ba su samu cikakkiyar allurarsu ta jarirai ba, kuma mun ga sakamako a 2023 da mashaƙo ya ɓarke a Kano da jihar Damagaram. Fushin da muke yi da allurar korona kada mu huce shi a kan ta ƙyanda da shan inna da sanƙarau, ko ta zazzaɓin cizon sauro da aka ƙaddamar a Gaya a 2024. Shugabanninmu kuma su tuna, lokacin da annoba ta zo Afirka kashi 1 cikin 100 kawai take sarrafawa na allurorin da take amfani da su, kuma Tarayyar Afirka ta yi alƙawarin kai shi kashi 60 kafin 2040. Wanda ba shi da kaya a rumbunsa, farashin da aka yanka masa shi zai biya, ranar da aka ga dama kuma a kawo masa. Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.